Ciwon Daji A Gindin Ƙoƙon Kai: Wuƙa Ta Isa Wurin, Mu Ne Ke Makara

Ranar 27 ga watan Yuli ta ko wace shekara likitocin duniya su kan keɓe ta don yi wa jama'a gargaɗi a kan ciwon daji na kai da wuya. An soma wannan al'ada cikin 2014, sa'ad da ƙungiyoyinsu suka yi babban taro a birnin Niyok na Amurka. A nan wajenmu ranar ta kan zo ta wuce shiru, in an yi sa'a a ambace ta sau ɗaya a rediyo. Ni kaina da ban san da ita ba, sai da abin ya faɗo a kan wani malami da ke ƙarƙashina, kuma ina da nawa laifin a ciki.

Wata shekara da kaka na fita rangadin makarantu, na sauka wani ƙauye inda hedimasta ya ke mutumin kirki, mai ƙwazo, shekarunsa ba su wuce arba'in ba. Muna duba rajista sai na ji yana magana ta hanci, yana ta goge shi da hankici, na kuwa ga ɗigon jini a jikin hankicin. Na tambaye shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, mura ce ta kama ni tun farkon damina, ta toshe mini kafar hagu kaɗai, ta ƙi saki." Na yi dariya, na ce ya sha romo mai yaji, ya rage shaƙar alli. Da na komo bayan wata bakwai sai na tarar idonsa na hagu ya turo, yana ganin abu ɗaya biyu, har ba ya iya rubutu daidai a allo. A tsakanin nan ya sayi ƙwayoyi a kemis, ya yi hayaƙi, an yi masa ƙaho. Sa'ad da muka kai shi babban asibiti, hoto ya nuna ƙari ya huda rufin hanci ya shiga ƙwaƙwalwa. Likita ya ja ni gefe ya ce, "Malam, da ranar da ka ga jinin nan ka turo mana shi, da akwai magana." Kafin a yi girbi ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka ya ke. Amma an umurce mu da neman magani, kuma nema yana da lokacinsa. Tun daga ranar nan na shiga tambaya da karatu a kan wannan ciwo. Abin da na gane shi ne, wurin nan da shekara saba'in da suka wuce ba kasafai likita ke yarda ya kai masa wuƙa ba, yanzu an kai. Abin da ya rage shi ne majinyaci ya iso tun ƙarin bai ƙetare iyaka ba. Wannan kuwa ba likita ne zai yi shi ba, mu ne.

INA NE GINDIN ƘOƘON KAI?

Ku ɗauki kan mutum kamar bene. Ƙwaƙwalwa tana zaune a ɗakin sama. Hanci da idanu da kunnuwa da maƙogwaro suna ɗakunan ƙasa. Ƙashin da ya raba tsakani, wanda ya ke daɓe ga na sama, rufi ga na ƙasa, shi ne gindin ƙoƙon kai. Ba shimfiɗe ya ke sumul ba, hawa uku ne kamar matakala: na gaba bisa hanci da idanu, na tsakiya bayan idanu zuwa wajen kunnuwa, na baya inda kai ya gamu da wuya. A wani wuri, kamar rufin hanci, kaurinsa bai fi na ɓawon ƙwai ba.

Ga shi kuma duk huji ne. Ta cikin hujojin nan jijiyoyi 12 ke fita a ko wane gefe, su ne ke ɗauke da gani, da ji, da sansana, da ɗanɗano, da motsin ido da na fuska, da haɗiya, da murya. Ta nan manyan jijiyoyin jini masu ciyar da ƙwaƙwalwa ke shiga. Ta babban ramin da ke baya kuma laka ke sauka zuwa gadon baya. Duk wannan kaya a cunkushe ya ke a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. In wuƙa ta goce kaɗan, sai mutum ya farka makaho, ko fuska ta shanye, ko ya kasa haɗiye ruwa, ko jini ya ɓalle a kasa tsai da shi. Shi ya sa likitocin da su ke ganin wurin su ja da baya.

Ba ko wane ƙari ne ciwon daji ba. Da yawa daga masu tsirowa a nan masu lafiya ne, watau suna girma a hankali, suna ture maƙwabta, amma ba su yaɗuwa. Sankara kuwa ci ta ke yi, tana ratsa ƙashi da nama. Ta hanya uku ta kan zo wurin nan. Mafi yawa daga ƙasa ta ke hawowa: daga cikin hanci, ko kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska, ko bayan hanci, ko kunne, ko fatar fuska. Wata daga ƙashin kansa ta ke tasowa, kamar wadda a ke kira kodoma, mai samun kimanin mutum ɗaya cikin miliyan a shekara, wajen sulusinsu a gindin ƙoƙon kai. Wata kuma baƙuwa ce, daga nesa jini ya kawo ta, kamar daga nono ko huhu.

YADDA WUƘA TA KAI

Ba dare ɗaya aka kai ba. Cikin 1907 wani likita mai suna Hermann Schloffer, a garin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, ya bi ta hanci ya ciro ƙari daga wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake da ke rataye ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda a ke kira fitutari. Shahararren likitan nan na Amurka, Harvey Cushing, ya bi hanyar shekaru, daga baya ya bar ta, don rami ne mai zurfi, ga duhu, ba a ganin abin da a ke yi sosai. Sai 'yan kaɗan suka riƙe ta, har zuwa shekarun 1960, sa'ad da Jules Hardy na ƙasar Kanada ya shigo da madubin fiɗa mai ƙara girman abu da haske. Ƙarin fitutari galibi ba sankara ba ne, amma a kansa aka koyi hanyar.

Ga sankara kanta, babbar shekara ita ce 1963. A cikinta Alfred Ketcham da abokan aikinsa a Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka suka ba da labarin wata dabara. Likitan ƙwaƙwalwa ya buɗe ƙashin goshi ya ɗaga ƙwaƙwalwa ta sama, likitan fuska ya tsaga gefen hanci ya shigo ta ƙasa, su gamu a tsakiya, su ɗauke daɓen nan tare da ƙarin gaba ɗaya. Kafin wannan, ta ƙasa kaɗai a ke yankowa a bar saiwa a rufi, ciwo kuwa ya komo. Cikin shekarun 1970 Ugo Fisch na birnin Zurich ya tsara hanyoyin shiga ta gefe, ta wajen kunne. Darasin farko ke nan: likita ɗaya bai iya ba, sai da biyu suka gama hannu.

Abu na biyu da ya sauya al'amarin shi ne hoto. Cikin 1971 aka fara ɗaukar majinyaci hoton siti a wani asibiti a Landan, da injin da Godfrey Hounsfield ya ƙago, aka ba shi kyautar Nobel cikin 1979. Hoton nan yana nuna kai yanki yanki kamar an yanka burodi. Bayansa hoton maganaɗisu ya fito, wanda ya fi nuna nama da jijiya. Da likita ya kan shiga ne bisa zato. Yanzu tun bai taɓa wuƙa ba ya san iyakar ƙarin, ya san ko ya naɗe jijiyar jini, ko ya taɓa ƙwaƙwalwa.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Mu da mu ke aiki da rajista mun san amfanin ƙidaya. Cikin 2003 aka buga sakamakon wani bincike da asibitoci 17 na ƙasashe dabam dabam suka gama kai suka yi, a kan majinyata 1,307 da aka yi wa irin fiɗar nan ta sama da ƙasa. Kimanin 4 cikin 100 suka rasu ta dalilin aikin. Wajen sulusinsu suka gamu da wata wahala bayansa. Waɗanda suka kai shekara biyar da rai kuwa 54 ne cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne wannan ga ciwon da da a ke sallamar mai shi ya koma gida ya jira.

Amma abin lura ba adadin kaɗai ba ne. Binciken ya nuna abu uku ne ke raba mai tsira da wanda bai tsira ba. Na ɗaya, irin sankarar, don wata ta fi wata mugunta. Na biyu, ko ta riga ta ratsa cikin kai ta kama ƙwaƙwalwa. Na uku, ko an samu an cire ta tas, ba a bar komai a gefe ba. To, jama'a, ku duba. Na ɗaya ba hannun kowa ya ke ba. Na uku hannun likita ya ke, amma shi ma yana bin na biyu, don ƙarin da ya naɗe jijiyar gani da ta jini ba mai iya share shi tas. Na biyu kuwa al'amarin watanni ne, watannin da majinyaci ya ke zaune gida yana cewa mura ce. Malamin nan nawa wata bakwai ya ƙara bayan na ga jini da idona.

TA KAFAR HANCI

Cikin shekara talatin da suka wuce an sake samun wata hanya. Wani masanin haske na Ingila, Harold Hopkins, ya ƙago wani siririn bututu na gilashi mai kai haske ciki ya komo da hoto. Wanda a ke sa wa a hanci kaurinsa milimita 4 ne, bai kai fensir ba. Cikin 1997 likitoci biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, Jho da Carrau, suka ba da labarin majinyata 50 da suka cire wa ƙari a wajen fitutari da bututun nan kaɗai, ta kafar hanci. Daga nan aka yi ta faɗaɗa hanyar, har ta kai tun daga bayan goshi zuwa inda kai ya gamu da wuya. Likita biyu ke tsayawa, ɗaya na hanci, ɗaya na ƙwaƙwalwa, wannan ya riƙe madubi, wancan ya yi aiki, suna kallon allo kamar na talabijin. Ba a tsaga fuska, ba a ɗaga ƙwaƙwalwa, majinyaci ya kan tashi da wuri.

Da fari hanyar tana da babban aibi. Ƙwaƙwalwa cikin ruwa ta ke, in an huda daɓe ba a toshe da kyau ba, ruwan ya riƙa ɗiga ta hanci, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su hau, a sami sanƙarau. A manyan ayyuka fiye da mutum ɗaya cikin biyar haka ta kan same shi. Cikin 2006 aka bayyana dabarar wasu likitoci biyu na garin Rosario a ƙasar Ajantina, Hadad da Bassagaisteguy. Su kan ɓare fatar bangon da ya raba kafofin hanci, su bar ta maƙale da jijiyar jininta, su juya ta su liƙe ramin, kamar mai yaɓe rufin soro da ƙasar gidan. Da yake fatar tana da rai, sai ta kama. Yoyon ya ragu zuwa kimanin 5 cikin 100.

Kada a ɗauka tsohuwar hanya ta mutu. Ƙarin da ya ci fatar fuska, ko ya cika ramin ido, ko ya bazu gefe nesa da hanci, har yau sai an buɗe, wani lokaci har a cire ido, a ɗebo tsoka daga cinya ko hannu a cike gurbin. Irin wannan aiki ya kan ci awa takwas, ko goma, ko fiye. Watau wanda ya zo da wuri shi ke samun ƙaramar ƙofa. Wanda ya makara, in ma an karɓe shi, ta babbar ƙofa za a shiga, da asarar da ke cikinta.

WUƘA BA ITA KAƊAI BA

Wani kuskure da mu kan yi shi ne zaton da an yi fiɗa an gama. Galibin masu sankarar hanci sai an bi su da gashi, watau a haska wurin da wani haske mai ƙarfi na inji, ko wace rana ta aiki, har mako shida ko bakwai, don a ƙone abin da ido bai gani ba. Wasu kuma a haɗa musu da magunguna masu ƙarfi ta jijiya. In an yi fiɗa mai kyau aka rasa gashi a kan lokaci, wahalar ta kan tashi a banza.

Akwai ma wadda ba a fara mata da wuƙa sam, ita ce sankarar bayan hanci. Ta fi yawa a kudancin ƙasar Sin da Afirka ta Arewa, tana kama fiye da mutum 100,000 a duniya ko wace shekara, kuma tana cikin waɗanda a ke yawan gani a sashen kunne da hanci na manyan asibitocinmu. Tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da Epstein da Achong da Barr suka gano a Landan cikin 1964, cikin naman wani ƙari na muƙamuƙin yara wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda cikin 1958. Kusan kowa yana ɗauke da ƙwayar nan ba ta yi masa komai, sai ƙalilan. Wannan sankara tana jin gashi ƙwarai, sabo da haka gashi da magani su ne na gaba. Sai in ta komo a ke tunanin wuƙa. Cikin 2021 likitocin kudancin Sin suka buga wani gwaji a kan mutum 200 da ciwon ya komo musu a wurin da za a iya cirewa. Waɗanda aka yi wa fiɗa ta hanci, kusan 86 cikin 100 suna da rai bayan shekara uku, waɗanda aka sake gasawa kuwa 68. Ita kuma kodoma, da yake tana manne da jijiyoyi, bayan fiɗa an fi so a gasa ta da wani irin haske mai suna furoton, wanda ke tsayawa daidai inda aka auna. Asibitin farko da ya kafa injinsa na kansa a Loma Linda ya ke, a Amurka, cikin 1990, kuma har yau tsadarsa ta sa ƙasashe kaɗan ke da shi.

Ashe ke nan maganin ciwon nan sarƙa ce. Sai da likitan hanci, da na ƙwaƙwalwa, da mai sa barci, da mai karanta hoto, da mai duba gutsuren nama a madubi ya faɗi irin ciwon, da mai gashi, da ma'ajin jini, da ɗakin kula da wanda ya fito daga aiki, da ma'aikatan jinya da ba su runtsawa. In zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

INA MU KE?

Ba daga ƙasa mu ke farawa ba. Tun 1962 Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan. A Arewa akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa cikin 1999, tana horar da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe nasu na farko a Yamai cikin 2021. An yi dokar kafa cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa cikin 2017, an yi sabuwar dokar inshorar lafiya cikin 2022. Amma ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ba ta sababbin masu ciwon daji kimanin 127,000 a shekara, injunan gashinta ba su taka kara sun karya ba. In ɗaya ya lalace sai layi ya yi tsawo, ƙari kuwa ba ya jiran makaniki. Ga ƙwararrun likitoci suna ta ficewa ƙasashen waje.

Wani zai ce, "Malam, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da naƙuda ke ɗibar dubbai, ina ita ina aikin da zai tsare likita biyar yini guda a kan mutum ɗaya?" Maganar tana da ƙarfi, ban kuwa ce a ɗauke kuɗin rigakafi a sayi madubi ba. Amma a duba abu biyu. Na fari, kayan nan ba na wannan ciwo kaɗai ba ne. Injin hoton da zai nuna ƙarin hanci shi zai nuna jinin da ya taru a kan wanda ya faɗo daga babur. Injin gashin shi ne matanmu masu sankarar nono da ta bakin mahaifa ke jira, su kuwa sun fi kowa yawa. Na biyu, kuɗin ana kashe shi ko da ma. Mai hali ya tafi Indiya ko Masar, talaka ya sayar da gona da shanu ya bi asibiti uku, ya ƙare ba gona ba lafiya.

A ganina abin da ya kamaci Gwamnati shi ne ta guje wa rabon kowa ya samu. Ciwon nan ba shi da yawa, hannu kuwa sai da maimaici ya ke faɗawa. Likitan da zai yi aikin sau biyu a shekara ba zai kai wanda ke yinsa ko wane mako ba. Gara a sami cibiya biyu ko uku a Arewa da sarƙarsu cikakkiya, da injin wuta, da makaniki, da kuɗin gyara a ajiye, da a ce ko wace jiha ta gina ɗaki ta sa inji a yanke kyalle a watse. Abin da ya kamata a baza ko ina shi ne mai araha: bututun leƙa hanci da wanda ya iya riƙe shi a ko wane babban asibiti, da hanyar tura majinyaci gaba ba da ɓata lokaci ba. Leƙen nan minti kaɗan ne, majinyaci yana zaune a kujera, idonsa biyu.

NAMU AIKIN

Yanzu na zo kanku, malaman makaranta da malaman ofis. A ƙauye ku a ke kawo wa takarda ku karanta, ku a ke tambaya ko a tafi asibiti ko a dakata. Ga alamun da ya kamata ku riƙe. Kafar hanci ɗaya ta toshe ta ƙi buɗewa fiye da wata guda. Majina mai jini ko haɓo mai komowa ta gefe ɗaya. Kunne ɗaya ya toshe wa babban mutum ba dalili. Kaluluwa a wuya mai tauri, ba zafi, ta wuce mako uku tana girma. Ganin abu ɗaya biyu, ko ido ya turo. Gefen fuska ya mutu ba ya jin taɓi, ko haƙoran sama su yi girgiɗi haka kawai. Ku lura da kalmar nan, gefe ɗaya. Mura ta gaskiya kafa biyu ta ke kamawa, kuma ta kan saki cikin mako ɗaya ko biyu. Galibin masu alamun nan ba sankara gare su ba, kada ku tsorata kowa. Amma likitan hanci ne zai faɗi haka, ba mai kemis ba, ba kuwa ni da ku ba. Kaluluwar wuya musamman, kada a bari a yi mata sakiya ko tsaga, don tushenta yana iya zama can bayan hanci, tsagawa kuwa sai ta ɓata wa likita aiki.

Ku malaman ofis, takardar izinin zuwa asibiti, ko ta rancen albashi, ko ta inshora, in ta zo teburinku kada ta kwana. Abin da ku ke gani fayil ne, ga mai ita kuwa makonni ne da ƙari ke ci. In an ce a ɗebi gutsuren nama a duba, ku kwantar wa dangi da hankali. Mutane su kan ce ƙarfe ne ke tayar da ciwon daji. Abin da ya sa a ke ganin haka shi ne ba a kawo majinyaci sai ciwo ya gama aikinsa, sa'an nan a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. In an fara gashi kuma, ku taimaka a sami masauki da guzuri har a gama, don yankewa a tsakiya hasara ce.

Akwai kuma rigakafi da ya shafi malaman sana'a. Cikin 1965 aka lura a Ingila cewa masu yin kujeru a garin High Wycombe suna samun wata sankarar hanci fiye da kowa nesa ba kusa ba. Bincike ya tabbatar ƙurar katako ce, har cikin 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo shi. An ga irin haka ga masu aiki cikin ƙurar fata a masana'antun takalma. Ciwon ba ya fitowa sai bayan shekara talatin ko arba'in, watau yaron da ya shaƙa yau a ɗakin koyon kafinta, da furfura zai biya. A buɗe tagogi, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci wajen goge katako da fata da inji. Taba kuma, ko ta sha ko ta shaƙa, a ja wa yara kunne.

Likitocin duniya sun yi shekara fiye da ɗari suna neman hanyar shiga wurin nan, sun kuwa samu. Namu likitocin suna koyo, saura Gwamnati ta cika musu kaya, ta kuma riƙe su. Amma duk gwanintarsu ba su iya komar da watannin da aka ɓata a gida. Ni dai tun daga kan hedimastan nan, in na fita rangadi na ji malami ko ɗalibi yana magana ta hanci, na kan tambaye shi, kafa ɗaya ce ko biyu, kuma tun yaushe. Ina roƙonku ku ma ku riƙa tambaya. Allah ya ba mu lafiya, ya ba majinyatanmu sauƙi, amin.